Kariyar Inna a Tudun Jos

18 Fabrairu 2024

Jiya da daddare muka iso daga Nguru, ta Gashuwa da Potiskum da Bauci, ƙura har cikin kunne. Cikin kayan da na sauke akwai wani kwalin taliya da na hana ɗan kamasho ya ɗora wa buhu. Rassan kariya ne, shukar nan mai ƙaton gindi da fure ruwan hoda, guda biyar a ciki, kowanne santimita 25 zuwa 30, kaurinsa ya ɗan ɗara babban yatsa. Inna ce ta sa aka yanko min daga tsohuwar kariyar bayan ɗakinta, wadda muka tashi muka gani a wurin, babu mai ba ta ruwa sai abin da ya gangaro mata daga wurin wanke-wanke.

Abin da ya kai ni ga roƙon rassan shi ne rijiyar gidan da muke haya. Da rani ruwanta zartsi yake yi: sabulu ba ya kumfa, shayi ya canja ɗanɗano, cikin butar dafa ruwa ya yi fari fat. Shekara biyu ina sayen fulawa a bakin titi, wardi har sau uku, duk bakin ganyensu ya ƙone kamar an kai musu ashana, su bushe. A Jos kuwa, garin da ake noman wardi da sitiroberi, mace ta ce fure ya gagare ta, ai abin kunya ne. Da na kai wa Inna kuka sai ta yi dariya.

"Ke dai kin cika son abin Turawa. Ga abin da ya san zartsi tun kafin a haifi kakarki. Mu da kanwa ke fito mana a bakin tafki, me rijiyarku za ta nuna mata?"

Sai ta ɗaure fuska: "Amma kul. Kada ruwanta ya shiga idonki, kada yaran nan su kai baki. Da shi mafarauta ke dafa kibiya." Gaskiya ce ta faɗa, dafin kariya zuciya yake kamawa, har kifi ake kashewa da shi. Na shafa toka a bakin yankan, na jera su a kan durowa inda hannun Auta ba ya kaiwa. Sai bakin ya bushe ya yi ɓawo za su ga ƙasa.

27 Fabrairu 2024

An dasa. Haɗin ƙasar: kwano biyu na yashi mai tsakuwa da na roƙo wurin masu buga bulo, kwano ɗaya na jar ƙasar gidan nan, rabin kwano na dakakken gawayi, sai ɗan tsohon takin shanu da ya riga ya zama gari. Idan na dunƙule shi a hannu da lema ya ƙi kamuwa, to ya yi.

Uku a tukunyar ƙasa, na huda gindin kowacce da ƙusa. Ɗaya ta tsage garin hudawa, dole na koma kasuwa. Biyu a ƙasa: ɗaya na tara mata tudu da tsakuwa a jikin katangar da ke kallon kudu, inda iskar hunturu mai tasowa daga arewa maso gabas ba za ta buge ta kai tsaye ba, ɗayar kuma na sa ta kusa da ƙofar kicin, kawai don in riƙa ganinta ina girki.

Na raba wa tukwanen uku abin sha. Ta farko ruwan rijiya zalla, ta biyu ruwan famfo da muke saya wurin 'yan ga-ruwa, ta uku ruwan ɗaurayar wanki. Na ɗiga wa kowacce fenti daban don kada 'yan aike su rikita min.

21 Maris 2024

Azumi ya kai goma sha ɗaya, sanduna biyar na nan tsaye kamar an kafa turaku. Ko alamar toho babu. Hannuna sai ƙaiƙayi yake in ƙara musu ruwa, na daure. Kofi ɗaya a mako, a zuba ta gefe.

16 Afrilu 2024

Huɗu sun yi toho! Ƙananan ganye masu sheƙi a can ƙolin reshe, a tattare kamar tuntu. Ta biyar, wadda ke shan ruwan famfo, ita ce ta makara, amma da na ɗan ja ta a hankali sai na ji ta riƙe ƙasa.

Na biya wurin Baba mai fulawa da ke bakin titi don in nuna masa hoto. Ya duba ya ce, "Hajiya, ai wannan ta daji ce. Zo ki ga dezat-ros ta gaske." Ya nuna min wasu gajeru masu ƙaton gindi, furensu ninki-ninki, ja wur, wai asalinsu daga Tailan, ta Legas suke zuwa. Na sunkuya na duba da kyau, ga tabon aure nan a wuyan kowacce, irin wanda ake yi wa mangwaro. Na ce, "Baba, wannan fa kariya ce ta je ƙasar waje ta dawo da lefe." Ya yi dariya har da tafawa, amma bai rage ko sisi ba.

Abin ya tsaya min a rai. Shukar nan tamu ce, daga Senegal ta bi ta arewacin ƙasar nan har Sudan da Habasha da Somaliya, ta tsallaka Yaman. Sunan da malaman tsirrai suka ba ta, Adenium obesum, rabin farko daga birnin Adan aka ɗauko shi, rabi na biyu kuma "mai ƙiba" yake nufi, saboda tumbin da take tara ruwa a ciki. Danginsu ɗaya da tumfafiya. Mutanen Tailan da Taiwan suka ɗauke ta suka yi ta gyarawa, mu kuma muna yanke ta a bayan gida don kada awaki su ci.

9 Mayu 2024

Ɗan yayata da ke aiki a gidan ruwan leda a Bukuru ya zo da 'yar na'urar da suke tsomawa a ruwa ta nuna yawan abin da ya narke a ciki. Rijiyarmu ta haura 1,000, na 'yan ga-ruwa bai kai 150 ba, ruwan saman da na tara shekaranjiya bai kai 30 ba. Ya ce, "Gwaggo, na teku fa wajen 35,000 ne, gishiri giram 35 a kowace lita. Naku wasa ne." Na ce wasan da ya cinye min wardi uku.

Shi ya warware min abin da na daɗe ina gani ban gane ba. Saiwa tana jan ruwa ne muddin ruwan cikinta ya fi na ƙasa kauri. Idan gishiri ya taru a ƙasa sai lissafin ya juye, kamar yadda ake barbaɗa gishiri a yankakkiyar albasa ta yi ta tsatsafo da ruwa. Shuka tana zaune cikin lema tana mutuwa da ƙishirwa. A tukunya kuma abin ya fi muni, domin ruwa yana tashi sama da rana, gishirin ya zauna, gobe a ƙaro wani a kai.

Daga nan na yi nawa lissafin. Wardi kullum sai ya sha, wato kullum ina ƙara masa gishiri. Kariya kuwa sau ɗaya a mako, wani lokaci kwana goma. Ko da ba ta fi shi juriya ba, abin da ke shiga tukunyarta bai kai kashi ɗaya cikin bakwai na nasa ba. Ga shi kuma ta fi shi juriyar.

Daren jiya an yi ƙanƙara, irin ta farkon daminar Jos. Ganye kaɗan sun huje, ba wani abu ba.

20 Yuni 2024

Darɓa, 'yan rawaya, sun yi cincirindo a kan sabon toho, tururuwa na hawa da sauka a kansu. Na jiƙa ganyen dalbejiya kwana biyu, na ɗiga sabulun salo, na fesa da yamma sau uku a mako guda. Sun tafi. Na kuma tsinci wata ƙatuwar koriyar tsutsa mai zanen ido biyu a kafaɗa, ta cinye rabin ganyen ta jikin katanga cikin dare ɗaya. Dafin da ke kashe akuya ita abincinta ne. Auta ya so ya ajiye ta a gwangwani, na hana.

14 Agusta 2024

Yau raina a ɓace yake, kuma laifina ne.

Marka ta kama, kwana shida rana ba ta leƙo ba. Tukwanen tun ƙarshen Yuni na janye su ƙarƙashin rumfa, suna lafiya. Ta jikin katanga ma lafiya, ruwa na sauka daga tudun ya wuce abinsa. Ta ƙofar kicin ce. Ashe daidai inda indararo ke zuba na dasa ta, da rani wa zai lura da indararo? Ganyenta ya fara rawaya tun makon jiya, ni kuma da wayona na ce yunwa ce, na ƙara mata taki. Garin neman gira aka rasa ido. Da safen nan na danna gindinta da yatsa, ya lotsa kamar ruɓaɓɓen gwanda, ga wari.

Na tone ta. Saiwar duk ta zama baƙa, tana saɓulewa. Na ɗaura leda a hannu, na wanke wuƙa da ruwan zafi, na fara yankewa daga ƙasa ina hawa. Kowane yanka sai in duba: in da ɗigo mai launin ƙasa-ƙasa a tsakiyar naman, a ƙara gaba. Sai da na zubar da fiye da rabi kafin na iske fari tas. Abin da ya rage bai fi tsawon cokali ba, da ganye huɗu. Na shafa garin gawayi, na rataye shi da zare a inuwa inda iska ke wucewa. Wuƙar kuma na ware ta, ba za ta sake komawa kicin ba.

Ni da na zo da shirin yaƙi da gishiri, ga shi ruwan sama mai daɗi, wanda na'ura ta ce babu komai a cikinsa, shi ya fara yi min ɓarna. Jos na samun ruwa wajen milimita 1,400 a shekara, ninkin na Nguru fiye da sau biyu, mafi ƙarfinsa a Yuli da Agusta, ga sanyi a kai. Abin da aka gina don ya tara ruwa a cikinsa, idan aka tsoma ƙafarsa a taɓo mai sanyi, ruɓewa zai yi.

Da yamma na kira Inna.

"Inna, ɗaya ta ruɓe."

"Ruwa kika cika mata."

"Ba ni ba ce, sama ce."

"To sama ce ta dasa ta a ƙarƙashin indararo?"

Na yi shiru. Ta ce in bar guntun ya sha iska mako biyu, kada in yi gaggawa.

2 Satumba 2024

Guntun ya koma tukunya, cikin busasshen yashi zalla. Ba ruwa sai bayan kwana goma.

27 Oktoba 2024

Damina ta ɗauke. Na fito da kowa rana, sun fi son ta awa shida ko fiye. Ta jikin katanga ta ninka 'yan tukunya girma, ta yi rassa uku. Guntun Agusta ya fitar da ganye biyu sababbi, alhamdu lillahi.

Na karya alkawarin da na yi wa kaina, na sayi ta Tailan ɗaya wurin Baba, ƙarama, bayan ciniki mai tsawo. Na ce masa don gwaji ne. Ya ce, "Kowa haka yake cewa, Hajiya." Ita ma ruwan rijiya za ta sha, ba gata.

22 Disamba 2024

Hunturu ya sauka da ƙarfinsa. Mu da ke zaune a tudun da ya kai mita 1,200 mun san abin: da asuba ruwan alwala kamar ya tsinke yatsu, ma'auni na sauka kusa da digiri 10. Wannan ita ce iyakar da kariya ba ta son a ƙetare. Ganye ya yi rawaya ya zube, duk sun koma sanduna kamar ranar da na kawo su, sai dai gindin ya fi kauri.

Maƙwabciyata ta leƙo ta ce, "Maman Auta, sannu da hasara, sun mutu ko?" Na kama hannunta na sa ta danna gindin ɗaya. Tauri kamar rogo. Barci suke. A wannan lokacin babban kuskure shi ne a ga ba ganye a ce ƙishirwa ce. Na rage ruwa zuwa rabin kofi a mako uku, shi ma da hantsi, in rana ta ɗumama tukunya.

Da magariba yara na shigar da tukwane zaure, da safe su fitar. Ta jikin katanga kuma ina kifa mata buhun algarara. Maigida ya tsaya yana kallona ya ce, "Ni da na yi shekara ashirin a gidan nan ba a taɓa bi na da bargo haka ba." Na ce shi ai yana da baki.

10 Fabrairu 2025

Ƙananan ƙulli jajaye a kan rassan ta jikin katanga da ta ruwan rijiya. Ba ganye ba ne, na duba da kyau.

24 Fabrairu 2025

Ta buɗe. Shekara guda da 'yan kwanaki daga ranar da aka yanko ta.

Fure uku a kan reshe tsirara, ba ganye ko ɗaya, kowanne kamar bakin kakaki, kunne biyar, gefen ruwan hoda mai ƙarfi, yana yin fari in an nufi ciki, can maƙogwaron kuma da ɗan rawaya da jajayen zare. Ba shi da ƙamshi, wannan kam wardi ya fi ta. Amma a cikin hazon nan da komai ya yi furu-furu, ciyawa ta ƙone, bango ya yi ƙura, ka shigo gida ka ga wannan launi a kan busasshen sanda, sai ka tsaya. Na tura wa ƙanwata hoto ta nuna wa Inna. Saƙon da ya dawo: "Ta ce tata ta fi yawa."

19 Maris 2025

Yau na zazzage tukwanen uku don in ga abin da shekara ta yi a ciki, tunda yanzu ne zartsin rijiya ya fi tsanani.

Ta ruwan famfo: saiwa fara, lafiya, fure biyar. Ta ruwan rijiya: bakin tukunyar da bayanta sun yi farin ɓawo kamar an shafa alli, saman ƙasar ma haka, amma saiwar ƙalau, fure bakwai, sai ɗan ƙuna a bakin tsofaffin ganye biyu. Ban ce zartsi ne ya ƙara mata fure ba, ta fi samun rana a inda take. Abin da zan iya cewa shi ne bai hana ta komai ba.

Ta ruwan wanki ita ce ta sha wuya. Ƙasar ta daskare ta yi santsi, ruwa na kwanciya a kai ya ƙi shiga, ƙananan saiwoyin sun yi ja sun ƙanƙance, ba fure ko ɗaya. Garin sabulun wanki gishirinsa irin na kanwa ne, yana kashe ƙasa kafin ya taɓa shuka. Na tuna ta Inna da ke shan ruwan wanke-wanke shekara da shekaru, sai na ga bambancin: tata a fili take, cikin rairayi mai zurfi, abin yana wucewa ƙasa. Tukunya kuwa ba ta da inda za ta kai shi. Na canja mata ƙasa gaba ɗaya, na dakatar da wannan gwajin.

Ga tsarin da na tsayar wa masu shan rijiya: in za a ba su, a ba su sosai har ya zubo ta ƙasa, kada a sa faranti ya tare, sannan a bar su su bushe ƙaƙas. Ɗan yayyafin kullum shi ke tara gishiri a sama. Sau ɗaya a wata a kankare farin ɓawon, a wanke ƙasar da ruwa mai daɗi kamar ninki biyu na cikin tukunyar. Takin zamani kuma ɗan kaɗan, shi ma ai gishiri ne. Da na mayar da su na ɗaga gindin kowacce sama da yadda yake da kamar yatsa biyu, wuyan ya fita daga lema.

Ta Tailan ta yi furenta ninki-ninki, ba laifi, kyakkyawa ce. Bakin ganyenta ya fi na 'yan Nguru ƙonewa, amma guda ɗaya ce, ba zan yanke wa danginta hukunci a kanta ba.

6 Afrilu 2025

Bayan Sallah na lura da wasu 'yan ƙahoni biyu kore a inda fure ya faɗi, a jikin ta katanga. Kwanso ne. Rassan Inna duk uwa ɗaya ce, kuma kariya ba ta cika ɗaukar iri daga kanta ba, sai da baƙuwa a kusa. Ashe kuɗin da na ba Baba bai tafi a banza ba: ta Tailan na ajiye a gindin katangar tun watan jiya.

Na naɗe kwanson da zare sako-sako. In ya bushe ya tsage ba a ɗaure ba, iska ce za ta kwashe komai.

15 Yuni 2025

Kwanson ya tsage kwana uku bayan Babbar Sallah. Irin dogaye ne kamar guntun tsinke, kowanne da gashi a kai biyu, ba kamar na tumfafiya mai gashi a kai ɗaya ba. Na cire gashin, na kwantar da guda 30 a kan yashi da gawayi cikin tsohuwar roba mai huji, na rufe da ƙasa sama-sama. Ba a ajiye irin kariya ya daɗe, ƙarfinsa saurin tafiya yake.

Yau kwana shida, 19 sun fito. Abin dariya, kowanne bai kai ƙwayar wake ba amma ga ɗan tumbinsa nan, irin wanda 'yan reshe ba sa yi sai sun shekara da yawa. Waɗannan ruwan sama kawai za su sha, jariri ba ya ɗaukar abin da babba ke ɗauka. Sai rani in sun yi ƙwari za su ɗanɗana rijiya.

Maƙwabciyata ta riga ta kama biyu, Baba mai fulawa ya aiko yaronsa tambaya ko zan sayar. Inna ta ce a kai mata uku ta ga irin jikokin da 'yar Tailan ta haifa mata. Kafin nan dai marka na tafe, kuma rumfar ba za ta ɗauki kowa ba. Gobe kafinta zai zo ya auna jikin katanga, a ƙara kwano biyu.